Saitin liba da kebul na giya da na ɗaura wa tsohon keke: abin da ya burge ni da abin da bai yi ba

Saitin da zan yi magana a kai irin wanda ake sayarwa ne a leda ɗaya, babu sunan wani kamfani a jiki sai 'yan lambobi. A ciki akwai liba biyu na canza giya irin na babban yatsa da ake ɗaurawa a hannun keke, kebul biyu, rigar kebul baƙa doguwa guda ɗaya wadda kai zaka yanka daidai tsawon da kake so, 'yan hulunan da ake sa wa bakin rigar, sai 'yan ƙarafan da ake matsewa a ƙarshen waya kar ta tarwatse. Shi ke nan. Tun daga farko in faɗa maka matsayata, ga tsohon keke wanda kayan jikinsa suka cakuɗe wannan liba ita ce daidai wallahi, amma sauran abin da ke cikin ledar sai a hankali, takardar da suka sako kuwa hoto ne kawai guda biyu da kibiya, babu abin da za ta koya wa wanda bai taɓa kwance giya ba, kuma wannan shi ya fi ɓata min rai don yawancin masu sayen irin wannan saiti sababbin hannu ne.

Liba iri biyu ce a duniyar keke. Akwai mai ƙas-ƙas, wadda duk dannawa ɗaya giya ɗaya ce, akwai kuma mai santsi wadda babu wani mataki a cikinta, kai ne zaka tura ta a hankali har sarƙa ta hau haƙorin da kake so ka tsaya. Ta cikin wannan ledar mai santsi ce. Kafin kamfanin Shimano su fito da tsarinsu mai ƙas-ƙas na SIS a 1984 kusan duk keke mai fayafayan giya a waje da mai santsi yake aiki, daga baya ne ƙas-ƙas ta mamaye ko'ina. To matsalar mai ƙas-ƙas ita ce ba ta yafiya, dole adadin wayar da take ja a kowace dannawa ya dace da macanjin baya, wato hannun da ke tura sarƙa daga wannan faifai zuwa wancan, shi kuma ya dace da tazarar da ke tsakanin fayafayan haƙoran baya. A tsarin Shimano mai giya 6 tazarar milimita 5.5 ce, mai 7 milimita 5 ce, mai 8 kuwa 4.8, kaga bambancin ɗan kaɗan ne a ido amma in ka taru daga faifai na farko zuwa na ƙarshe sai ka ga sarƙa ta tsaya tsakanin biyu tana ta ƙara. Keken da na ɗaura wa saitin haka na same shi, macanjin baya SunTour ne, na gaba Shimano, wani da ya riƙe keken kafin ni kuma ya sa masa liba mai ƙas-ƙas ta giya 7 alhali fayafai 6 ne a baya. Ko wane gwanin makanike ne ya zauna a kan wannan haɗin ba zai taɓa saita shi ya yi shiru a dukkan giyoyi ba, in ka gyara ƙasa sama ya ɓaci in ka gyara sama ƙasa ya ɓaci. Liba mai santsi ita ba ruwanta da waye ya ƙera me, ta ja waya kawai, shi yasa nace ita ce daidai.

Amma kafin ka saya dan Allah ka tsuguna ka duba kekenka tukuna, wannan shi ne abin da ya kamata takardar ta fara da shi. Da farko ka leƙa ƙafar baya, in babu wani hannu mai 'yan tayoyi biyu da ya sauko ƙasa sarƙa na bi ta cikinsa, sai dai ka ga hob, wato cibiyar ƙafar, mai kauri da wata 'yar siririyar sarƙa tana fitowa daga cikin aksul, to kekenka mai giya a cikin hob ne, irin Sturmey-Archer AW mai giya uku da aka fara yi tun 1936, wannan saitin ba naka bane sam, shi libarsa daban, kuma tura masa mai santsi haɗari ne don akwai gurbi tsakanin giya ta biyu da ta uku inda feda ke zamewa babu riƙo. In kuwa akwai wannan hannun mai 'yan tayoyi, to goge shi da tsumma da ɗan kananzir, sunan mai shi zai fito. Na Shimano in ka leƙa bayan farantin ciki zaka ga lamba da ta fara da RD, na gaba FD, liba kuma SL. Kusa da lambar akwai haruffa biyu ƙanana, na farko shekara ne, A ita ce 1976 a tafi a haka, na biyu kuma wata. A macanjin gaba na keken nan LC na gani, wato watan Maris na 1987, abin ya yi min daɗi don daga nan na gane aƙalla zamanin da ake magana. In SunTour ne ka gani to ka riƙe shi da kyau kar wani ya ce maka tsohon yayi ne ka jefar, su ne a 1964 suka fito da ƙirar jikin macanji a karkace yadda 'yar tayar sama ke bin gangaren fayafai tana nan kusa da haƙora a kowace giya, kuma da haƙƙin mallakar ƙirar ya ƙare a 1984 kowa ya kwafa, har yau ita ake amfani da ita. Tsofaffin kekunan Faransa kuma zaka iya samun Simplex ko Huret, wasu Simplex ɗin jikinsu roba ne baƙi mai suna Delrin wanda in ya tsufa yake tsagewa, musamman na gaba wurin da ya rungumi firam, ka duba da kyau in akwai tsaga to sabuwar liba ba za ta cece shi ba.

Sai fayafayan baya, ka ƙirga su. Biyar, shida, bakwai, wannan liba tana ɗauka lafiya lau, takwas ma tana yi, daga tara zuwa sama fayafai sun matsu da juna sosai sai ka zama mai lallausan yatsa, ni dai ba zan ba da shawara ba. Sannan ka gane firwil ne ko kaset. Cire ƙafar ka juya fayafan baya da hannu kana kallon tsakiya wurin da ake sa makullin kwancewa, in tsakiyar ta tsaya cak fayafai na juyawa to firwil ne wanda ake murɗawa a kan hob, in tana juyawa tare da su kaset ne. Wannan bai shafi libar kai tsaye ba amma ranar da zaka canza haƙora zaka gode min, don mutane da yawa kan sayo kaset mai 8 su ce za su sa wa firam ɗin da faɗin bayansa milimita 120 ne ko 126, alhali mai 8 na keken titi 130 yake so.

Abu na ƙarshe da zaka auna shi ne kaurin hannun keken. Zoben wannan liba milimita 22.2 ne, wato na miƙaƙƙen hannu. Hannu mai lanƙwasa na keken tsere 23.8 ne a wurin riƙo, ba zai shiga ba, kar ka ce zaka buɗa zoben da sukundireba don alminiyon ne zai karye. Ko wannan ɗan bayanin babu shi a jikin ledar.

To yanzu ita libar kanta. Jikinta ƙarfe ne ba roba ba, wannan na yaba, tana da ɗan nauyi a hannu, kan da yatsa ke turawa an rufe shi da roba mai kaushi, ko hannu da gumi ba ya zamewa. A samanta akwai ɗan noti mai kunne da kake murɗawa da yatsu biyu don ƙara mata tauri ko sassautawa, ba sai ka nemi sifana ba, kana kan hanya ma zaka iya tsayawa ka ɗan ƙara. Na kwance ta don in ga ciki, wasa ne, wato 'yan zobban da ake sawa ƙarƙashin noti, guda uku a jere, ɗaya na roba biyu na ƙarfe, a bushe ƙayau suka zo babu ko ɗigon giris, shi yasa da farko tafiyarta ke ɗan cijewa tana sakewa. Na shafa giris ɗan kaɗan sosai a kan sandar tsakiya kawai, ban da fuskar wasar robar don ita ce ke riƙe giya, daga nan tafiyar ta yi laushi. Abin da ban so ba shi ne notin mai kunne yana sassauta kansa a hankali in ana bin hanya mai gargada, alamar kuwa ita ce kana hawa tudu kana taka feda da ƙarfi sai ka ji sarƙa ta sauko ƙaramin faifai da kanta ba ka taɓa komai ba. Ba wani babban abu bane, ka ɗan murɗa notin kwata ɗin zagaye ya wuce, amma wanda bai sani ba zai ɗauka macanji ne ya lalace.

Kebul ɗin kuwa na talaka ne, waya ce mai rufin tutiya ba wadda ba ta tsatsa ba, in ka ja ta tsakanin yatsu zaka ji kaushinta. Tana aiki, amma inda ake yawan ruwa ko raɓa ba za ta daɗe ba. Kaurinta daidai ne, wajen milimita 1.2, kan nata ma ya zauna daram a ramin libar. Rigar kebul ɗin ta giya ce ta gaskiya mai milimita 4, in ka kalli bakinta zaka ga wayoyi a jere a tsaye sun zagaye, ba naɗaɗɗen ƙarfe irin na birki ba. A nan zan tsaya in ja kunne da gaske, saura ya rage maka bayan ka gama kar ka kuskura ka sa wa birki, rigar giya in aka matse ta da ƙarfin birki fashewa take yi ta gefe, lokaci ɗaya ka rasa birki. Ta birki milimita 5 ce kuma wayarta ta fi kauri. Wannan gargaɗin ya ci a ce an rubuta shi da manyan baƙaƙe a ledar, babu. Yankan rigar ma sai da almakashin kebul na ainihi, filaya murƙushe bakin take yi, bayan ka yanka kuma ka sa tsinin ƙusa ka buɗe robar ciki.

Hulunan bakin riga su ne mafi rauni a duk saitin. Roba ce mai taushi, ɗaya tun a wurin sawa ta tsage, wata kuma bayan an ɗan yi tafiya wayoyin rigar suka huda ta suka leƙo. Ga shi tsofaffin firam na ƙarfe ramukan da riga ke tsayawa a ciki an yi su ne don mai milimita 5, sai ka ga hular tana lilo a ciki. Ni dai na nemo huluna na ƙarfe na canza su duka, kai ma in zaka sayi saitin ka haɗa da su tun farko.

Wurin saiti nan ne mutane ke ɓata lokaci a banza don suna farawa daga ƙarshe. Kafin ka taɓa kowane sukuru ka tsaya a bayan keke ka kalli macanjin, 'yan tayoyin nan biyu dole su kasance a miƙe ɗaya ƙarƙashin ɗaya, daidai da layin fayafai. In sun karkata ciki wajen sifoki to kunnen firam ɗin da macanji ke rataye a kai ya lanƙwashe, wanda kusan duk tsohon keke da ya taɓa faɗuwa ta dama yana da wannan. Na ƙarfe ana miƙar da shi, akwai ma'aunin da masu gyara ke murɗawa a ramin su daidaita da gefen gargare. Wasu kekunan ma ba su da kunnen, macanjin ne ke zuwa da ƙugiyarsa da notin aksul ke dannewa, ita ma tana lanƙwasa. In ba ka gyara wannan ba duk abin da zaka yi a gaba aikin banza ne.

Bayan nan sukurori biyu na iyaka, ɗaya an rubuta H ɗaya L, a wasu tsofaffin babu rubutu sai ka leƙa ciki ka ga wanne ne ke taɓa ƙarfe lokacin da macanji ke waje. Su waɗannan ba sa gyara canjin giya, iyakarsu su hana macanji wuce gona da iri. Tun ba ka ɗaura waya ba ka juya feda, sifirin zai kai sarƙa ƙaramin faifai, sai ka murɗa H har 'yar tayar sama ta tsaya daidai ƙarƙashin wannan faifan ko ta ɗan leƙa waje kaɗan. Sannan kana juya feda ka tura macanjin ciki da babban yatsanka har sarƙa ta hau babban faifai, ka ƙara turawa da ƙarfi, in ta nemi wucewa ta faɗa cikin sifoki ka ɗaure L, in ta ƙi hawa ka sassauta rabin zagaye rabin zagaye. Wannan L ɗin da liba mai santsi ya fi komai muhimmanci, don babu ƙas ɗin ƙarshe da zai tsayar da yatsanka, sukurun ne kaɗai tsakaninka da macanji ya shige cikin ƙafa ya karya sifoki ya murɗe firam kana cikin gudu. Faifan robar nan da ke bayan firwil wanda wasu ke cirewa wai don muni, aikinsa ke nan, ka bar shi. Wani abu kuma, kan sukurorin kayan Japan ƙirar JIS ce, wato ma'aunin Japan, sukundireba mai kuros na yau da kullum yana zamewa ya cinye kan, in ba ka da na JIS ka yi amfani da mai faɗi in kan yana da tsaga, kuma ka ɗiga mai ka bar shi ya jiƙa kafin ka murɗa tsohon sukuru.

Yanzu ka mayar da liba ƙarshe inda waya ta fi saki, ka zura, ka ja ta da filaya ba da ƙarfi ba dai ta miƙe, ka ɗaure a ƙarƙashin wasa ta bi ɗan layin da aka tsaga mata. Tura libar sama da ƙasa sau da yawa don riga ta zauna a ramukanta, zaka ga waya ta yi sako-sako, sai ka sake ja. Daɗin mai santsi ke nan, ba sai ka zauna kana murɗa ɗan notin daidaitawa kwata kwata kana saurare ba, muddin babu sako-sako kuma liba na kai macanji iyaka zuwa iyaka ka gama. In macanjinka na da sukuru na uku a baya wanda ke tokare da kunnen firam, shi ke nisanta 'yar tayar sama da babban faifai, ka bar tazara kamar milimita 5 ko 6, in kana jin gurnani a babban faifai to ta matso da yawa.

Macanjin gaba ya fi ba da wahala duk da ya fi sauƙin ƙira. Farantinsa na waje ya kasance milimita 1 zuwa 3 sama da haƙoran babban farantin sarƙa na wurin feda, kuma a layi ɗaya da shi in ka kalla daga sama. L ɗinsa kana saita shi sarƙa na ƙaramin faranti a gaba babban faifai a baya, H kuma akasin haka, kowanne ka bar ɗan sarari kamar milimita ɗaya. Kar ka firgita in ka ga naka ba waya amma ya tsaya a kan babban faranti, wasu tsofaffin SunTour irin Spirt haka aka yi su, sifirinsu waje yake turawa, libar zata yi aiki dai amma a juye.

A kan hanya fa? Gaskiya na ji daɗinta fiye da yadda na zata. Kamar neman tasha ne a rediyo mai allura, ka tura ka ɗan wuce ka dawo kaɗan har ƙarar ta ɗauke, kuma bayan ɗan lokaci yatsa ke haddacewa ba ka ma tunani. Wannan ɗan wucewar dole ne a tsofaffin haƙora, don kafin Shimano su kawo Hyperglide a 1989 mai 'yan matakala a gefen faifai da ke ɗaga sarƙa, fayafai ba su da waɗannan matakala, sai an ɗan tura sarƙa fiye da wurinta kafin ta kama. Ka kuma sassauta ƙafa a kan feda lokacin canji, ka canza tun kafin ka shiga tudu ba a tsakiyarsa ba. A gaba kuwa mai santsi ta fi mai ƙas-ƙas nesa ba kusa ba, duk lokacin da sarƙa ta fara gogar farantin macanji ɗan taɓawa kaɗan sai ta yi shiru.

Akwai abin da saitin ba zai gyara ba, kar a ɗora masa laifi. In kana taka feda da ƙarfi sarƙa na tsalle a kan faifai ɗaya ba ta sauya giya ba, wannan sarƙa ce ko haƙora suka cinye. Sa rula, daga tsakiyar fil ɗaya zuwa wanda ke inci 12 ya kamata su faɗa daidai a sabuwar sarƙa, in ya wuce da kashi ɗaya cikin 16 na inci ka canza ta, in ya kai ɗaya cikin 8 to da wuya firwil ɗin ma ya tsira. Haka in macanjin kansa ya yi lakaf ka kama ƙasansa yana kaɗawa hagu da dama, ko kejinsa, wato hannun da ke riƙe da 'yan tayoyin biyu, gajere ne ba zai kwashe sarƙar ba. Lissafin mai sauƙi ne, nawa keken haƙora 52 da 42 ne a gaba, 14 zuwa 28 a baya, bambancin gaba 10 na baya 14, jimla 24, macanji dole ya iya ɗaukar wannan adadi.

Wanda kekensa ke da cikakken tsari mai ƙas-ƙas na kamfani ɗaya kuma yana aiki, ya canza kebul da riga kawai ya bar libarsa, babu dalilin komawa wannan. Haka wanda zai ba yaro ko mai koyo da ba zai iya sauraren sarƙa yana kallon hanya lokaci ɗaya ba. Amma mai tsohon keke na ƙarfe mai fayafai 5 zuwa 7, kayansa daga kamfani biyu ko uku, libar asali ta karye ko ba a samunta, ya sayi saitin saboda libar, ya haɗa da hulunan ƙarfe, in da hali ya ƙara kebul marar tsatsa, kuma ya sa wani da ya iya ya duba masa kunnen firam da sukurun L kafin ya hau titi.